Kariyar Kekuna a Bayan Jif ɗin Umaru

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da sitiyari a ofishin nan, akwai rana ɗaya da ta ƙi fita raina: ranar da aka aike ni in zaɓo wa motar wani abin da zai raba ni da aikin da na fi so. Ku da kuka shigo daga baya kun tarar da kariyar kekunan nan a bayan jif, kuna ɗora keke kuna saukewa kamar da ita aka ƙero motar. To, ba da ita ta zo ba. Ku gyara zama in gaya muku yadda aka yi.

Ni ne Garba, haifaffen Jega, kuma a lokacin ni ne direba mafi daɗewa a shirin noman albasa. Saboda wanda bai san tsarinmu ba: ofis yana Jega, siton taki da iri yana Aliero, aikinmu kuma ya kai har ƙauyukan Maiyama. A sama akwai Kodineta, Hajiya Luba, mace mai ilimin gona wadda ba ta son wasa da aiki. Ƙarƙashinta akwai jami'in sufuri, shi ke raba motoci. Sai malaman gona, masu shiga gonaki suna duba shuka suna ba manoma shawara. Sai mu direbobi daga ƙasa. Ƙa'idarmu ita ce mota ɗaya, direba ɗaya. Motar da aka damƙa maka, kai ne uwarta kai ne ubanta. Ba mai taɓa ta sai da izinin jami'in sufuri, in kuma ta lalace kai za a fara tambaya.

Tawa tsohuwar farar a-kori-kura ce, wadda ƙofar fasinja sai an ɗaga ta sama take rufuwa. Babban aikinta shi ne kai malaman gona ƙauye tare da kekunansu. Za ku ce me ya sa keke. Duk wanda ya taɓa shiga fadamar albasa da rani ya san amsa. Tsakanin fangali da fangali 'yar siririyar hanya ce, ga magudanar ruwa, ga tiyon injin ban ruwa a shimfiɗe ko'ina. Mota ba ta shiga. Babur kuwa yana rusa gefen fangali ya fasa tiyo, manomi ya wuni yana jin haushinka, shawararka ma ba zai saurara ba. Keke kaɗai ke wucewa lafiya. Sai in loda su a baya, in kai su bakin ƙauye, malamai su hau su nutsa cikin gonaki, ni kuma in sami inuwa in jira.

Wannan jiran shi ne daɗin aikin. A Liba ina da tabarmata a ƙofar wani dattijo. A Kuberi kafin in kashe mota an aiko mini da fura. Na san wanda ya aurar da 'ya, na san wanda rijiyarsa ta rufta, na san wanda albasarsa ta kama ciwo tun kafin malaman gona su sani. In na yi kwana biyu ban je ba, sai an tambaya.

Umaru kuma ɗan Maiyama ne, ni na kawo shi ofis. Bas yake ja tsakanin Jega da garinsu, na ga yana da natsuwa a hanya, ba ya gudun banza, da gurbi ya samu na je na yi masa magana wurin jami'in sufuri. Yaya Garba yake ce mini. Kullum da rana kwano ɗaya muke sa hannu a bayan ofis.

Ana nan, bayan ruwa ya ɗauke, aka kawo sabuwar jif daga hedikwata. Fara ce tas, kujerunta da ledarsu, ƙamshin sabunta yana tashi tun daga ƙofar shiga. Ba wanda ya yi shakkar wa za a ba. Mai gadi ya riga ya yi mini barka. Ni ma, ba zan ɓoye muku ba, na riga na gaya wa maiɗakina cewa ta kusa ganina a cikin motar da ta dace da furfurata.

Jami'in sufuri ya kira mu ofishinsa mu biyu. Ya ce, "Malam Garba, a-kori-kurag ga ba wanda yas san halinta sai kai. In na ba Umaru ita, ba ta kai ƙarshen wata. Jif kuwa duk allonta rubutun Turanci na, shi ya taɓa makaranta. Ka yi haƙuri, ka riƙe muna tsohuwa."

Wato iyawar da na yi na raya tsohuwar mota shekara da shekaru, ita ce ta ɗaure ni a jikinta. Na ce, "Ba komi, yallaɓai." Na ma juya na ce wa Umaru Allah ya sa alheri. Amma da na fito, sai na ji kamar an zuba mini yashi a baki.

Daga ranar idona bai ƙara samun hutu ba. Da safe in na shigo, Umaru na tsugune yana goge tayoyin jif da tsumma. In mun fita, shi yana gaba gilashi a rufe, ni ina baya hannu a waje ina neman iska. A mahaɗar Jega masu sayar da kaya da suka saba ɗaga mini hannu, yanzu shi suke bi da kallo. Na daina zuwa wurin kwanon rana. In ya kira ni sai in ce na ci a gida. Yaron bai yi mini komai ba, ban kuma taɓa cewa ya yi ba. Amma ko dariyarsa na ji daga nesa, sai in ga kamar ta fi ta da ƙarfi.

Abu ɗaya ya rage mini na sanyaya zuciya: jif ba ta da buɗaɗɗen baya. Kekuna dole sai a-kori-kura. Duk inda jif ta je da Hajiya da malamai, ina biye da ita. In an isa ƙauye, a wurina ake taruwa a sauke, ni ake gaisarwa da suna.

Hajiya Luba ba ta daɗe ba ta ga abin bai yi mata ba. Mota biyu a tafiya ɗaya ɓarnar mai ce, ga taki jibge a Aliero yana jiran mai kai shi. Aka gwada ɗaure kekunan a saman jif da igiya. Ɗorawa wahala, saukewa wahala, fenti ya karce, rannan kuma reshen dogonyaro ya kama tayar keke ɗaya ya lanƙwasa ta. Aka gwada cusa su ciki, ba wurin mutane. Ni dai ina gefe ina kallo, raina fari ƙal.

Sai wata safiya ta kira mu. Ta zagaya da mu bayan jif, ta nuna wani bakin ƙarfe mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin bamba, wurin da ake soka ƙugiyar jan tirela. Ta ce lokacin da ta je wani kwas ta ga ana soka kariya a irin wannan wurin, a jera kekuna a kai, mota ta tafi abinta.

Ta ce, "Malam Garba, kai ka fi kowa sanin kekunan nan da hanyoyin da muke bi. Umaru, motarka ce. Ku je tare ku nemo wadda za ta yi mana."

Kalmar nan "motarka ce" ta shige ni har ƙashi. Na daure na ce, "Ranki shi daɗe, in kekuna sunka koma jif, ni hwa?"

Ta ce, "Kai za ka riƙe mana Aliero. Rabon taki da iri ba ƙaramin aiki ba ne, ina son mutum mai amana a kansa."

Ban san ko ta gane abin da ta aike ni yi ba. Ni dai na gane.

Ranar na fara shiga jif, a kujerar fasinja. Na ɗora hannuwana bisa gwiwa kamar baƙo a gidan surukai. Umaru ya ce, "Yaya Garba, in ƙara sanyin?" Na ce, "Bar shi haka nan, ni ban saba ba."

Muka nufi wurin Alhaji Ɗanjuma, mai sayar da kayan mota na gwanjo a bayan kasuwar Jega, irin waɗanda ake kwasowa a kwantena a haɗe. Da muka kwatanta masa abin da muke nema, sai ya tafa hannu yana dariya. Ya ce, "Ashe na kekuna na! Guda biyu gare ni, tun da sunka zo ba wanda yat tambaye su. Wani ma cewa yay yi abin shanyar tuhwahi na." Ɗaya tana rataye da bel-bel na inji a gaban shago, ɗayar kuma sai da aka jawo ta daga ƙarƙashin tarin tsofaffin tayoyi.

Ba iri ɗaya ba ne. Ta farko sanda ce a tsaye mai hannuwa biyu a sama, ana rataya kekuna a kansu ta sandar tsakiya, tayoyi suna lilo. Baƙa ce da ratsin ja, tana sheƙi, ba nauyi, kuma tana naɗewa ta kwanta in ba a aiki da ita. Ta biyu shimfiɗa ce, kamar ƙaramin gado. Tana da kwaroro inda tayoyin kowane keke za su zauna, da wani hannu da ke kama jikinsa. Ta yi tsatsa, ga nauyi, ga muni.

Umaru na ganin ta farko ya ce, "Wagga ita ta dace da motag ga." Gaskiyarsa ne, a ido ta dace. Ya soka ta a bakin ƙugiya, ya ja da baya yana kallo, fuskarsa kamar ta ango.

Muka aro kekuna uku a wurin mai faci da ke kusa, irin namu sak, baƙaƙen nan masu nauyi da kariyarsu a baya, muka rataya. Ban kai ga taɓawa ba na ga matsalar. Wannan abu an yi shi ne don kekuna marasa nauyi da hanya mai santsi. Namu in sun hau hanyar Kuberi za su yi ta dukan juna, feda ta shiga wayoyin taya ta tsinka, kan keken farko ya riƙa bugun tayar safaya da ke jikin ƙofar baya. Sun rufe lamba, sun rufe fitilar birki. Ga keken Malam Nasiru, babban malamin gonarmu, ba shi da sandar tsakiya saboda ciwon gwiwarsa, to ta ina za a rataya shi? Robobin da ke kama kekunan kuwa rana ɗaya ta watan bazara ta ishe su.

A nan ne wani tunani ya zo mini, kuma ya zo a fili, ba a ɓoye ba. In na yi shiru, Umaru zai ɗauki wadda yake so. Kafin a yi nisa kekuna su ragargaje, Hajiya ta gaji, a ce Malam Garba dawo da a-kori-kura. Ba abin da zan yi. Shiru kawai zan yi. Na tsaya ina jujjuya tunanin a raina, kuma yana da daɗi.

Sai ga wani ɗan kabu-kabu ya sako kai ta bayan jif, ɗauke da mace da goyonta, ya kusa gogar kekunan ya wuce. Kun san yadda suke manne wa bamba a hanyar Maiyama. Na taɓa bin bayan motar da buhu ya faɗo daga kanta, na san abin da ke faruwa da wanda ke biye. Buhu ma ke nan, balle ƙarfe.

Na ce, "Umaru, wagga ba ta yi."

Ya dube ni. Ya ce, "Yaya Garba, ko don ni naz zaɓa?"

Maganar ta yi mini zafi, don akwai inda ta taɓa. Na ce, "Hau bisa bamba ka girgiza motar, kunnenka shi ba ka amsa."

Ya hau ya girgiza. Kekuna suka ɗauki kaca-kaca kamar ana faɗa a maƙera, ɗaya ya zame ya karkace. Alhaji Ɗanjuma ya ce, "Subhanallahi." Umaru ya sauko ya fara cire kekunan.

Muka gwada mai shimfiɗa. Kekuna suka zauna daram, kowa a gidansa, ba mai taɓa ɗan'uwansa. Amma ita ma da nata aibin. Ta miƙe baya sosai kuma ta yi ƙasa, duk kwarin da muka shiga sai ta daki ƙasa. Ta tare ƙofar baya, ba ta buɗuwa. Harshenta kuma, ƙarfen da ake sokawa, yana wasa a cikin bakin ƙugiya. Na ce waɗannan duka masu gyaruwa ne, a kai ta wurin Isiya mai walda a Aliero, wanda ke ƙera amalanken ɗaukar albasa.

Kafin a taɓa kayan ofis sai Kodineta ta amince, don haka muka koma da ita a cikin mota. Na yi wa Hajiya bayani, har na ƙara da cewa Isiya zai iya ƙara kwaroro ɗaya ta ɗauki huɗu. Ta tattara mayafinta ta tsuguna, ta karanta wani rubutu da aka buga a jikin ƙugiyar. Ta miƙe ta ce, "A'a, Malam Garba. Abin da ƙarfen nan zai ja daban, abin da zai ɗauka a kansa daban. Kariyar kanta da nauyinta, ga kekuna, kuma duk nisan da kaya suka yi daga mota nauyinsu ƙaruwa yake a kansa. Uku sun isa. Kuma kada wuta ta taɓa jikin motar, duk waldar a kan kariya za a yi." Ni da na yi shekaru ina jan kaya ban san wannan bambanci ba sai ranar. Na karɓa.

Tun da dama Aliero aka tura ni, sai aikin ya faɗo a wuyana. Umaru yana can yana yawo da Hajiya, ni kuwa in na gama sauke buhuna sai in wuce rumfar Isiya. Ya yanke harshen ya yi masa wuya mai lanƙwasa sama, shimfiɗar ta ɗaga ta bar ƙasa. Ya sa mata gwiwa da sakata, in an zare sai ta buɗe gefe kamar ƙyaure, ƙofar baya ta samu hanya. Shi ya ce ta buɗe ta hannun dama, don mai sauke keke ya tsaya gefen hanya, ba bakin motoci ba. Ya huda ya sa noti mai matse harshen, wasan ya mutu. Muka yi wa lamba da fitilu mazauni a can ƙarshe inda na baya zai gani. Ni na yanka tsohon tub na taya na naɗe duk inda ƙarfe zai taɓa keke. Ni na kankare tsatsar, ni na shafa mata farin fenti don ta zo daidai da motar.

Isiya ya taɓa tsayar da aiki ya ɗaga gilashinsa ya ce, "Malam Garba, wanga irin kula, motarka ta?" Na ce, "Ta ƙanena ta." Ya ce, "Ya gode Allah."

Ranar da jif ta fara fita da kekuna uku a bayanta, ina ƙofar sito ana loda mini taki. Ban gani ba, labari ne ya iske ni. An ce da suka tsaya a kasuwar Maiyama mutane suka yi cincirindo, wasu na leƙa ƙasa, wasu na girgiza kekunan su ga ko za su motsa. Kafin mako ya zagayo an raɗa mata suna: mai goyo. Jif ɗin Umaru mai goyo. Mai shayin da nake zama wurinsa a Jega ya miƙo mini kofi yana cewa, "Ka ga dabarar da ƙanenka yay yi? Yaron ga akwai kai!" Na sha shayin ban ji sukari ba.

Wanda ya fi ci mini rai wani manomi ne daga Liba da muka haɗu a kasuwar albasa ta Aliero. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Garba! Mun ɗauka ka bar aiki. Tabarmarka na nan, Umaru ka zama bisanta." Da alheri ya faɗa. Na san da alheri ya faɗa.

Da kakar albasa ta zo, aka shirya taron manoma a Jiga Birni, aka gayyato manya daga hedikwata. Ni aka ba kujeru da rumfuna. Ina tsakar saukewa jif ta iso da baƙi. Babban cikinsu, wani mai farin gilashi, bai ko dubi tarin albasar da aka jera masa ba, ya zagaya bayan mota. Ya zare sakatar ya buɗe kariyar, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ce irin wannan tunani ake so ma'aikata su riƙa yi. Ya dafa kafaɗar Umaru, ya sa aka ɗauke su hoto da kekunan a bayansu. Ina tsaye nesa kaɗan da tulin kujeru a kaina. Na ga Umaru ya waiwayo wajena, na ga bakinsa ya motsa, sai lasifika ta ɗauka ana kiran baƙi su zauna, mutumin ya wuce.

Da aka yi azahar na koma bayan wani rudu, rumbun ciyawar nan da ake adana albasa, na zauna ni kaɗai. Sai ga Umaru da kwano a hannu. Ya tsaya a kaina.

Na riga shi magana. Na ce, "Ko sunana ba ka iya hwaɗi ba?"

Ya ajiye kwanon. Ya ce, "Na so in hwaɗi, ka gani da idonka. Hajiya ta sani, malamai sun sani, duk wanda yat tambaye ni a natse na gaya mashi kai da Isiya kunka yi. Amma Yaya Garba, tun randa anka ba ni motag ga ba ka ƙara sa hannu kwano guda da ni ba. In na gaishe ka, ƙasa kaka dubi. Ka gaya mani gaskiya, sunan kariya kaka so, ko mi?"

Ƙamshin albasa ya cika wurin, ana ta jawabi can a filin taro. Na ga ba amfanin kewaye-kewaye da mutumin da na kawo aiki da hannuna.

Na ce, "Motar nika so."

Na zaci zai yi dariya, ko ya yi fushi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ni. Can ya ce, "To gobe mu tahi wurin yallaɓai, in ce a ba ka. Ni in koma a-kori-kura."

Na dube shi da kyau, na ga da gaske yake, na kuma ga yadda maganar ta yi masa nauyi kafin ta fito. Shi ma yana son motar kamar yadda nake son ta. Sai na ji ko an ba ni ta wannan hanya, duk wanda ya gan ni a ciki zai san kyauta ce ƙanena ya yi mini don ya ga raina ya ɓaci. Na ce, "A'a. Ba haka nis so ta zo ba. Riƙe abinka." Ya turo kwanon tsakaninmu. Shinkafa ce da wake, ta huce. Muka ci.

Ba zan ce muku daga nan komai ya wuce ba. Mun koma cin abinci tare in mun haɗu, amma shi yana ƙauye ni ina sito, haɗuwar ba yawa.

Sau ɗaya tak na tuƙa jif ɗin. Matar Umaru ta haihu, ranar suna ta faɗo ranar zuwa Liba da Kuberi, jami'in sufuri ya ce in kai malamai. Na shiga, na gyara kujera, na tayar. Wallahi tun daga Jega nake neman aibinta. Na ce ko sitiyarin ya yi sakwa-sakwa, bai yi ba. Na ce ko a yashi za ta ba ni kunya, ta ratsa shi kamar tana kan kwalta. Bayana da ya saba ciwo kafin Maiyama, ranar ban san ina da shi ba. Da muka zo babban kwarin da ke gab da Kuberi na rage gudu, na sauke gilashi, na kasa kunne. Gaba ya sauka, baya ya biyo, ba abin da ya taɓa ƙasa. Na ɗaga ido na dubi madubi, kekuna uku na tsaye ƙyam kamar an dasa su. Malam Nasiru yana baya yana gyangyaɗi, bai ma san mun wuce ba.

A Liba yara suka rugo suna kiran mai goyo, da suka ga ni ne a ciki suka tsaya turus. Dattijon nan mai tabarma ya fito yana murna, ya ce, "Alhamdu lillahi, anka ba ka ita?" Na ce, "Aro na, Baba." Na zauna, aka kawo fura, muka yi hirar da ta taru mana.

Da la'asar na dawo da ita ofis. Na wanke ta ciki da waje, na duba notin kariya na ƙara matse shi, na maida kujerar daidai tsawon ƙafar Umaru. Da na same ta da aibi ko guda ɗaya, da na samu abin da zan riƙa gaya wa zuciyata. Ban samu ba. Mota ce mai kyau, yadda na zata haka take, har ta fi.

Abin da nake so ku ɗauka a nan, ku da kuke fara aikin, shi ne tuƙin ofis haka ya gada. Ba koyaushe wanda ya daɗe ake ba sabuwa ba, kuma sau da yawa aikin da ka fi zuba ranka a kai, a bayan motar wani zai tafi, da sunan wani za a kira shi. Ba zan ce kada ku ji haushi ba, za ku ji, duk wanda ya ce muku bai taɓa ji ba ku ƙyale shi kawai. Amma ɗan kabu-kabun da ke biye da mota bai san wa aka fifita a ofis ba, ba kuma ruwansa. In an ba ku noti ku ɗaure, ku ɗaure shi tamau, ko da a motar wanda ya samu abin da kuka so ne.

Sai dai kada wani ya yaudare ku cewa abin yana daina ciwo. Jiya ma ina tsaye a mahaɗar Jega da buhuna a baya, ta zo ta wuce ni. Umaru ya yi mini hon, na ɗaga masa hannu, na bi ta da kallo har ta sha kwana.